Lambar da ke Jikin Bokitinta

Shekarar da na shiga babban aji na ɗaya aka kawo kwamfuta makarantarmu, wata makarantar kwana ta 'yan mata a yankinmu na Gwarzo da Kabo. Guda bakwai ne, farare masu ƙatuwar ƙeya, aka jera su a tsohon ɗakin koyon ɗinki bayan an kwashe matattun kekunan. Ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, an ƙara wa hijabinmu tsawo, an kuma ce malami namiji ba zai keɓe da ɗalibai ba. Don haka duk ranar darasin kwamfuta, Matiron, dattijuwar da ke kula da ɗakunan kwananmu, takan ajiye kujera a bakin ƙofa tana saƙar hula. Wuta ba ta zuwa. Janareta ake tayarwa, man kuma ya yi tsada, shi ya sa malamin da kansa yake zubawa, da kansa yake kashewa.

Mu huɗu muke ci a kwano ɗaya: ni, da wasu 'yan biyu daga Mainika, da wata doguwa mai yawan dariya 'yar cikin garin Gwarzo. Ban iya hira ba. In suna surutu nakan saurara, ina gyara musu gefen tuwo, ina tsince ƙwarin wake. A duk makarantar, bakin kwanon nan ne kaɗai inda nake zama ba tare da na rasa inda zan sa idona ba.

Abin da ba su sani ba, ina da farfaɗiya tun ina 'yar shekara tara. Ranar da za a kawo ni makaranta Inna ta kama kunnena a zaurenmu na Durun ta ce ko inuwata kada in gaya wa. Mutane sun yi imani yawun mai farfaɗiya yana ɗauke da ciwon, ba a shan ruwa a kofinsa, ba a haɗa hannu da shi a kwano. Baba yakan je Kano ya sayo ƙwayar maganin, ni kuma in ɓoye a kwalbar man shafawa, in haɗiye bayan sallar asuba ba ruwa. A shekarar abubuwa sun yi wuya, maganin ya fara gagarar Baba, har na koma ina raba ƙwaya biyu da haƙori don ta kai ni hutu.

Ana cikin haka shugabar makaranta ta sanar a filin taro cewa wata ƙungiyar lafiya za ta riƙa bai wa ɗalibai masu ciwo mai daɗewa magani kyauta, amma sai kowa ta cike fom a kwamfuta. Malamin kwamfuta ɗan bautar ƙasa ne, siriri, mai son bayani. Shi ya rubuta 'yar manhajar da za ta karɓi fom ɗin, kuma yana ji da ita kamar ɗiyarsa. Ya nuna mana kwamfutar da ke kan teburinsa ya ce sunanta saba, sauran shidan duk da ita suke magana ta wayoyin da ke bin bango.

Ya ce, "Idan kin cike kin danna aika, amsoshinki za su bi wayar nan su zo wajen saba. Manhajar ta karɓa, ta rarraba su, suna daban, aji daban, ciwo daban, ta ajiye a ƙarƙashin lambarki ta makaranta. In kin yi kuskure kada ki ɗaga hankali, sake aikawa kawai da lambarki, sabon zai hau kan tsohon."

Doguwar ƙawata ta ɗaga hannu. "Malam, to wa zai gani?"

"Daga ni sai nas. Takarda ana iya tsintar ta a ƙasa. Wannan kuwa ba mai tsinta."

Na yarda da shi. Da layi ya zo kaina na baza hijabina ya rufe gefen allon, na rubuta da yatsa ɗaya. Ciwo, farfaɗiya. Tun yaushe, shekara tara. Maganin da kike sha, rabin ƙwaya. Na danna aika, shafin ya ce an gode. Sai idona ya kai can saman allon, kan wani siririn layi da malam yake kira adireshi. Ya yi tsawo. Bayan wata alamar tambaya ga lambata, ga sunana, ga ciwona, an jera su an raba da wata alama mai kama da takwas da aka murɗe, duk inda na bar fili kuma an sa alamar tarawa. Na ƙara baza hijabina a kan allon. Amma da malam ya zo ya dawo da fom mara komai don ta bayana, layin ya koma gajere. Na ɗauka ya goge ke nan.

Bayan fitarmu 'yan ajin ƙarshe suka shiga.

A cikinsu akwai Siniyar abinci, ɗalibar da aka ɗora wa kula da abincinmu, 'yar Garo, fara mai wushirya, wadda ke tsayawa a kan masu dafa abinci tana riƙe da ludayi ko ba ta zuba komai. Da yammar ranar, bayan magariba, mun zauna an ajiye mana tuwon masara da miyar kuka, ta zo ta tsaya a kanmu da wata 'yar takarda a hannu. Ta buga ludayin a tebur har ɗakin ya yi shiru.

"Ku uku, ku cire hannu tukuna."

Suka cire.

"Ni amanar abincin kowa ce a wuyana, gobe ƙiyama za a tambaye ni. Ke 'yar Durun, ashe shiru-shirun nan ba na banza ba ne?" Ta ɗaga takardar ta karanta da irin muryar masu labarai a rediyo. Ba ta tsallake komai ba, har rabin ƙwayar. "Rabi ma take sha, jama'a. Ko cikakkiya ba ta samu."

Wasu suka yi dariya, wasu suka yi salati. Na tuna akwai tuwo a tafin hannuna, na rasa ko in kai baki ko in mayar. Ɗaya daga cikin 'yan biyun ta duƙa tana kakarin amai. Doguwar ta goge yatsunta a bakin tebur, ɗaya bayan ɗaya.

Washegari aka ba ni kwanon roba ni kaɗai, an ɗaura masa jan zare a baki. Butata aka ware. A masallaci sahu yakan bar gurbin mutum ɗaya a damana da haguna. Ba wadda ta zage ni. 'Yan biyun ma in mun haɗu sukan ce sannu, irin sannun da ake yi wa mara lafiya daga bakin ƙofa.

Ban yi kuka ba sai sau ɗaya. Abin da ya zauna mini a ƙirji ya fi kuka nauyi. Nakan zauna a ƙarshen ɗakin cin abinci ina kallon Siniya tana zagaye da ludayinta, ina lura da komai nata: yadda take ɗage hijabi ta baya don kada ya taɓa miya, yadda masu dafa abinci ke ajiye mata ƙanzo, yadda take dariya tana rufe wushirya da yatsa biyu. A sujada na roƙi abubuwa a kanta waɗanda har yau ba zan iya rubutawa ba. Amma ban so in bar wa addu'a aikin ita kaɗai ba. Ina so in gani da idona.

Da farko sai da na gano yadda ta yi ta sami amsoshina. A darasi na gaba na lura akwai 'yar kibiya a ƙarshen layin adireshi. Na taɓa ta kamar bisa kuskure, sai ga jerin layuka sun zubo, duk abin da aka taɓa aikawa daga wannan kwamfuta. Nawa yana nan. Nata ma yana nan, a samansa kaɗan, tunda kujerata ta hau bayan na tashi. Na karanta da sauri ina fatan in sami wani abu, ko fitsarin kwance ne, ko ƙazuwa. A gurbin ciwo ta rubuta babu. Lafiyarta ƙalau. Wannan ya ƙara mini haushi fiye da yadda na zata.

Kwana biyu ina juya maganar malam a raina. Sabon zai hau kan tsohon. Bai ce manhajar tana tambayar wa ya aiko ba. Lamba kawai take dubawa. Lambar kowace ɗaliba kuwa a makarantarmu ba sirri ba ce, da fenti ake rubuta ta a jikin bokiti da akwati da katifa. Da safe a bakin famfo na tsaya bayan ƙaramar da ke ɗebo wa Siniya ruwa, na karanta jikin shuɗin bokitin sau uku, na tafi ina maimaitawa a zuci kamar hadda.

Tun da aka ware ni, ba wadda ke son aiki tare da ni, saboda haka aka bar mini sharar ɗakin kwamfuta da rufe na'urorin da ƙyalle. Na riga na san yadda ƙarshen darasi yake. Ana buga ƙararrawar abinci, 'yan aji su zuba a guje. Malam ya zagaya baya ya kashe janareta. Matiron ta tsaya a ƙofa tana naɗe zarenta. Duk kwamfutocin su mutu ban da saba da wadda ke kusa da ita, domin su biyun suna kan wani baƙin akwatin batir da ke ƙara ɗis, ɗis, har malam ya dawo ya kashe su da hannu. Na ƙirga, yakan yi ƙara sau ashirin da wani abu kafin in ji takunsa.

Sa'a ta sa wadda ke kusa da saba ita ce wadda na cike fom a kanta. Ranar Laraba na tsaya a gabanta da ƙyalle a kafaɗa, bayana ga ƙofa. Na taɓa kibiyar, na zaɓi layina. Na goge lambata na sa tata. Na goge sunana na sa nata, ban manta da alamar tarawa tsakanin sunanta da na mahaifinta ba. Na canza aji. Ciwon ban taɓa shi ba, shekara tara ma na bar mata, rabin ƙwayar ma na bar mata. Akwatin ya yi ƙara ta goma sha tara. Na danna babban madannin. Shafin ya ce an gode.

"Ke, ba ki gama ba?" in ji Matiron.

"Na gama, Inna."

Na rufe allon da ƙyalle. Na wuce ɗakin cin abinci.

Mako guda ba abin da ya faru. Sai malam ya buga jerin sunayen a takarda ya kai wa nas, nas ta kai wa shugabar makaranta, shugaba ta ba Matiron umarnin a raba masu farfaɗiya da wuta da rijiya. Ina share barandar kicin lokacin da Matiron ta zo. Ta so ta yi a hankali, ta ja Siniya gefe, amma Siniya ba ta iya magana a hankali ba.

"Ni? Inna, ni? Wallahi ƙarya ne! Ni babu na rubuta!"

"Kowa haka yake cewa, 'yar nan. Ba abin kunya ba ne, jarrabawa ce daga Allah. Kawo ludayin."

Babbar mai dafa abinci ta riga ta ji. Ta ajiye muciya ta ce, "Innalillahi, shekara guda tana ɗanɗana mana miya!" Ta karɓi ludayin da bakin zaninta, ta tsoma shi a tafasasshen ruwa. Na ci gaba da shara. Na share wuri ɗaya sau huɗu don kada in rasa komai.

Kafin la'asar makaranta ta ɗauka. Wasu suka tuna ranar da ta yi jiri a filin taro. Wasu suka ce ai shi ya sa ta tona wa 'yar Durun asiri, don a kawar da ido daga kanta. Duk rantsuwar da ta ƙara, sai a ƙara yarda. Da magariba aka miƙo mata kwanon roba mai jan zare. Ba wurin zama sai ƙarshen ɗaki, teburin da nake. Ta zauna a can ɗaya gefen, tuwon yana gabanta yana sandarewa.

Kwana tara ta yi a teburin nan. Na ƙirga su, kuma ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin kowanne. Abincina bai taɓa yi mini daɗi kamar na kwanakin ba. Nakan ci a hankali, in suɗe yatsuna, in ɗaga ido in ga yadda wuyan rigarta ya fara yi mata yawa. Ƙaramar da ke ɗebo mata ruwa ta daina. Na gan ta da kanta a layin famfo da shuɗin bokitin, an bar mata gurbi gaba da baya.

Ranar da nas ta kira mu, mu biyu aka zaunar a benci ɗaya a ƙofar ɗakin magani. Ta dube ni, idanunta sun kumbura.

"Ke, yaya yake farawa? Ana jin wani abu kafin ya zo?"

Ashe ta fara shakkar kanta. Na san amsar, wani ƙauri nake ji kamar na ƙonannen gashi. Na ce, "Ban sani ba, Siniya."

A kwana na goma ta yi alwala ta tafi wajen malamin addini, a gaban shugabar makaranta ta dafa Alƙur'ani ta rantse cewa ba ita ta rubuta ba kuma ba ta taɓa faɗuwa ba. Malamin ya ce wanda ya rantse da Littafin Allah an gama magana, sai dai a binciki na'ura. Aka kira malamin kwamfuta. Ya buɗe abin da saba ta ajiye, ya ga an aiko da fom ɗin Siniya sau biyu, na biyun ranar Laraba, ranar da ajinsu ba shi da darasi. Na ji an ce ya dafe kai.

Ya zo ajinmu fuskarsa ba annuri. Ya ce kuskuren nasa ne. Ya bar manhajar tana rubuta amsoshi a layin adireshi, kamar a bayan ambulan inda kowa zai karanta, maimakon ta sa su a ciki, kuma ya bar ta tana karɓar saƙo daga kowa ba ta tambayi shaida ba. Ya tambaya ko akwai wadda ta san wani abu. Mu hamsin da wani abu ne muka shiga ɗakin a ranar. Idonsa ya bi layi-layi, ya zo kaina, ya wuce. Ba wanda ya taɓa zargin yarinyar da ko sunanta ba ta iya faɗa da ƙarfi.

Shugaba ba ta tsaya jin zancen ambulan ba. A filin taro ta ce na'ura ta yi ƙarya, an soke jerin gaba ɗaya, duk wadda ta sake tsangwamar wata a kan maganar za ta gamu da ita. A nan wani abu ya faru da ban shirya shi ba. Doguwar ƙawata ta juyo daga layin gaba ta dube ni, bakinta a buɗe. Bayan an tashi ta riƙo hijabina.

"Kai, ashe ke ma sharri aka yi miki? Ke kuma ki yi shiru kamar gunki! Me ya hana ki magana?"

Na sunkuyar da kai. Matiron ma ta kira ni ta yi mini tambayar, na sake sunkuyar da kai, ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah, kunya za ta kashe ki." Ban rantse ba, ban ce e ba, ban ce a'a ba. Da magariba 'yan biyun suka matsa suka ba ni wurina.

Malam ya gyara manhajarsa. Layin adireshi ya daina tsawo, kowa kuma aka ba ta kalmar sirri a 'yar takarda. Da aka sake cike fom, na daɗe ina kallon gurbin ciwo. Na san maganin kyauta yana bayan kalma ɗaya. Na rubuta babu. Na ci gaba da raba ƙwaya da haƙori, kuma da na je hutu ban gaya wa Baba an taɓa yin zancen magani ba.

An mayar wa Siniya ludayinta, amma babbar mai dafa abinci ba ta sake barin ta ta ɗanɗana miya ba. Wata ranar Asabar muna wanki ta same ni ni kaɗai a bayan ɗakin kwana ina shanya.

"Shekara tara. Rabin ƙwaya," ta ce a hankali. "Nas ta nuna mini takardar. Kalmominki ne, ni na karanta su da bakina. Ke ce."

Na matse ɗankwalina na shanya.

"Kina da shaida, Siniya?"

Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa gaya mata. Ta yi wani murmushi mara daɗi.

"Nawa ƙarya ne, naki gaskiya ne. In na faɗa yanzu ba mai yarda da ni. Amma ciwonki ba ya ɓuya. Ina nan, zan ga ranar da za ki faɗi a gaban kowa."

Zango biyu suka rage mata, kuma ta cika alkawarin jira. A filin taro, a masallaci, a layin abinci, duk inda na juya idonta yana kaina. Ni kuma na mai da tsayuwata aiki. Ban ƙara makara da ƙwaya ba ko da minti ɗaya. Na daina tsayawa a rana, na daina azumin nafila, ina kwanciya da zarar an kashe fitila. Sau biyu na ji ƙaurin ya taso, na lallaba banɗaki na zauna a ƙasa na jingina da ƙofa har ya wuce. Ranar da suka gama jarrabawa, motar gidansu ta zo daga Garo. Ina tsaye a baranda ana ɗaure katifarta a sama. Ta leƙo ta taga ta neme ni har ta gan ni, ni kuma na miƙe sosai don ta gan ni da kyau.

Na faɗi a mako na uku na sabon zango, a tsakiyar filin taro, ana cikin addu'ar safe. Na farfaɗo a ɗakin magani, harshena a fashe, ƙasa a gashina. Doguwar tana zaune a kan kujera nesa kaɗan da gado, 'yan biyun ba su zo ba. Na san an sake ɗaura jan zare a wani kwano. Na san abin da ke jirana har in gama makarantar. Nas ta sunkuyo tana tambaya ko na san inda nake, ko na san wace rana ce. Na sani. Na kuma san Siniya tana can Garo, ba ta gani ba, labari kawai za ta ji a bakin wasu. Nas ta juya ta ce wa doguwar, "Kin ga, har ta fara murmushi, ta dawo hayyacinta."